Fada Gregor Mendel (1822–1884): Firist Mai Ƙidayar Wake

A wannan fitowa za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda sunansa ba ya cikin jerin waliyyai, amma aikinsa ya shafi kowane saurayi da budurwa da ke zuwa wurin Fada neman a ɗaura musu aure. Shi ne Fada Gregor Mendel, ɗan ƙungiyar zuhudu ta Waliyyi Agustin, mutum na farko da ya bayyana da lissafi yadda 'ya'ya suke gadon kamannin iyayensu.

An haife shi a watan Yuli 1822 a wani ƙaramin ƙauye mai suna Heinzendorf, ƙarƙashin daular Ostiriya. Yau ƙauyen yana cikin Jamhuriyar Cek. Sunansa na baftisma Yohanna. Mahaifinsa Anton ƙaramin manomi ne, kuma a wurinsa yaron ya koyi renon itatuwan lambu. Malamin makarantar ƙauyen da firist ɗinsu suka ga kaifin hankalinsa, suka ba iyayensa shawara a kai shi gaba. A 1834 aka tura shi babbar makaranta a garin Troppau. Bayan shekara huɗu sai gungumen itace ya faɗo wa mahaifinsa, bai ƙara samun ƙarfin noma ba. Daga nan Yohanna ya riƙa koya wa wasu yara karatu domin ya sami na abinci, wahala kuwa ta kwantar da shi ba sau ɗaya ba. Ƙanwarsa Theresia ce ta ɗauki wani kashi na dukiyar da aka ajiye domin aurenta ta ba shi ya ci gaba da karatu a Olomouc. Bai manta da wannan alheri ba. Daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A 1843 ya shiga gidan zuhudu na Waliyyi Toma a birnin Brno, aka ba shi suna Gregor. A 1847 aka keɓe shi firist. Da aka sa shi aikin ziyartar marasa lafiya a asibiti, sai ganin azabar mutane ya dame shi har shi ma ya kwanta ciwo. Shugaban gidan, Cyril Napp, mutum ne mai hangen nesa. Maimakon ya yanke ƙauna daga gare shi, sai ya tura shi koyarwa a garin Znojmo a 1849. A 1850 Fada Mendel ya zauna jarrabawar samun takardar malanta, ya faɗi. Napp bai karaya ba. Ya aika shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, inda ya koyi awo da lissafi a hannun Christian Doppler, ya kuma koyi ilimin tsirrai a hannun Franz Unger, wanda yake koyar da cewa jikin kowane tsiro an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girma. A 1856 ya sake shiga jarrabawar malanta, bai kai ga nasara ba. Haka ya koyar shekara 14 a wata makaranta a Brno yana matsayin malamin riƙo.

A wannan shekara ta 1856 ya soma aikin da duniya ta san shi da shi, a cikin lambun gidan zuhudu. Ya zaɓi waken Turai mai ƙwaya kewayayya, wanda ake kira fis. Ya tara iri 34, ya gwada su shekara biyu domin ya tabbatar kowanne yana haifar irinsa, sa'an nan ya riƙe 22. Ya sa ido kan alamomi bakwai kaɗai, kamar tsayin tsiro, da launin ƙwaya, da ko ƙwayar sumul take ko mai tamoji. Da hannunsa yake buɗe fure tun bai nuna ba, ya cire sashen namiji, ya ɗebo garin furen wani iri ya shafa, ya rufe domin kada ƙwari su kawo wani garin dabam. Ya yi haka har 1863, ya reni tsirrai wajen 28,000, yana ƙidaya yana rubutawa.

Ga abin da ya gani. Da ya haɗa iri mai ƙwaya sumul da iri mai tamoji, dukan 'ya'yan suka fito sumul, sai ka ce tamojin ya ɓace. Da ya shuka waɗannan 'ya'ya, sai tamoji ya komo a jikoki. Cikin ƙwayoyi 7,324, guda 5,474 sumul ne, 1,850 masu tamoji, wato kusan uku bisa ɗaya. Wajen launi ma haka: rawaya 6,022, kore 2,001. Bai tsaya nan ba. Ya shuka 565 daga cikin jikokin nan sumul, sai 193 suka ba da sumul zalla, 372 kuwa suka ba da gauraye. Ke nan cikin kowane huɗu, ɗaya tsantsar sumul ne, biyu suna ɗauke da tamoji a ɓoye, ɗaya kuma tamojinsa a fili yake. Ya kuma lura cewa ko daga wajen uwa alama ta fito ko daga wajen uba, sakamakon ɗaya ne. Bayaninsa shi ne, ƙwayar haihuwa ta namiji da ta mace kowacce tana kawo nata rabon gado, rabon nan kuwa ba ya narkewa cikin ɗan'uwansa. Yana iya ɓuya tsara guda, ya bayyana a ta gaba.

A ranar 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris 1865 ya karanta sakamakonsa a gaban ƙungiyar masu nazarin halitta ta Brno, aka buga shi a 1866. Masana ba su kula ba. Babban masanin tsirrai Carl Nägeli na Munich ya yi musayar wasiƙu da shi shekaru, amma bai gane girman abin da ke hannunsa ba. A 1868 'yan'uwansa suka zaɓe shi shugaban gidan zuhudu, hidimar mulki ta cinye lokacinsa. Ya ci gaba da kiwon zuma da rubuta yanayin sama kullum, ya kuma shafe shekarunsa na ƙarshe yana jayayya da gwamnati kan wani haraji da ta ɗora wa gidajen zuhudu, wanda shi yake ganin zalunci ne. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi ranar 6 ga Janairu 1884, ranar Idin Bayyanuwar Ubangiji, yana da shekara 61. Mutanen Brno sun yi makokin shugaban zuhudu mai kyauta ga matalauta, ba su san sun binne babban masani ba.

Sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa, masana uku suka fito da aikinsa fili: Hugo de Vries a Holan, Carl Correns a Jamus da Erich von Tschermak a Ostiriya. Ba da jimawa ba aka gane cewa ƙwayoyin gadon nan suna jere ne kan wasu zaruruwa a tsakiyar ƙwayar halitta. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana sifar sinadarin DNA da ke ɗauke da su. A 1990 kuma masana a Ingila suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke sa waken Fada Mendel tamoji.

A nan ne labarin ya iso gidajenmu. Cutar sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini, tana bin wannan ƙa'ida sau da ƙafa. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa tushenta canji ne a sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jan jini. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da jinin AS: lafiyarsa ƙalau, amma yana ɗauke da gadon a ɓoye, kamar waken nan 372. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kada mu yi kuskuren lissafi. Fada Mendel sai da ya ƙidaya dubbai kafin uku bisa ɗaya ta fito sosai. A gida ɗaya kuwa ana iya haifar 'ya'ya huɗu babu mai cutar, ana kuma iya haifar uku a jere duk suna da ita.

Saboda haka, idan yaro yana yawan ciwon ƙashi da ƙarancin jini, ko ana ta wabi a gida, kada a zargi tsohuwar unguwa da maita, kada kuma dangin miji su ɗora wa matar laifi. Idan gwaji ya nuna SS ne, rabi daga uwa ya fito, rabi daga uba, babu kuwa wanda ya zaɓi jininsa. A kai yaron asibiti, a kula da shi da ƙauna, gama shi ma cikin siffar Allah aka halicce shi. Samari da 'yan mata kuma su gwada jininsu tun kafin a kai gaisuwa, tun zuciya ba ta yi nisa ba, sa'an nan su zauna da Fada da likita su yi shawara da idanu buɗe. Katakis da shugabannin zumuntar mata da ta matasa su taimaka wajen bayyana wannan a ƙauyuka.

Mu gode wa Allah saboda shugaban da bai yar da ɗan da ya faɗi jarrabawa ba, da ƙanwar da ta ba da kayan aurenta, da firist ɗin da ya yi haƙurin ƙidaya. Ubangiji ya ba bawansa Gregor hutawa ta har abada, haske mara matuƙa ya haskaka shi. Amin.