Tarihin Likita August Bier, Wanda Ya Fara Yin Tiyata Da Allurar Baya

Da yawa daga cikinmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal muna da ɗan'uwa direba ko ɗan acaba wanda haɗari ya karya wa ƙafa ko ƙashin ƙugu, ko kuwa matar da aka yi wa tiyata wajen haihuwa. A asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, sau da yawa akan yi wa majiyyaci allura a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu murus, a yi aiki idonsa biyu. To, ga tarihin mutumin da ya fara wannan.

An haifi August Bier ran 24 ga Nuwamba 1861 a garin Helsen na ƙasar Jamus. Da ya gama karatun likita sai ya kama aiki a asibitin jami'ar Kiel. A zamanin nan ba a yin babbar tiyata sai an shaƙa wa mutum maganin barci, wanda yakan jawo amai mai tsanani, wani lokaci har da rasa rai.

Ran 16 ga Agusta 1898 aka kawo wani lebura mai shekara 34 wanda cutar tarin fuka ta ci wa idon sawu. Bier ya zuba masa 'yar koken a cikin ruwan da ke kewaye da laka, aka yi aikin yana farke bai ji zafi ba. Mutum shida ya yi wa haka, amma wasunsu suka tashi da ciwon kai da amai. Maimakon ya ci gaba da gwaji a kan marasa lafiya, sai ya miƙa nasa bayan.

Ran 24 ga watan, mataimakinsa August Hildebrandt ya soka masa allurar, amma sirinjin bai dace da bakinta ba, maganin ya zube. Sai suka yi musanya. Da ƙafafun Hildebrandt suka mutu, Bier ya soke shi, ya ɗana masa wutar taba, ya buga masa guduma a ƙwauri, duk bai ji ba. Amma fa sun biya: Bier ya kwana tara a kwance da ciwon kai. Ya buga sakamakon a 1899, bai ɓoye illar ba. Daga baya suka ɓata, Hildebrandt ya goyi bayan wani likitan Amurka, Corning, mai da'awar ya riga Bier.

A 1907 ya zama shehun malamin tiyata a Balin. A 1908 ya fito da dabarar ɗaure hannu a zuba magani a jijiya, hannun kaɗai ya mutu. Yana cikin waɗanda suka tsara hular kwanon sojan Jamus ta 1916. Haka kuma ya karɓi lambar yabo daga gwamnatin Hitila a 1937, wannan kuwa tabo ne a tarihinsa. Ya mutu ran 12 ga Maris 1949 a Sauen.

Yau an bar koken, an sami magungunan da suka fi ta aminci. Kashe jijiyoyin sashen da aka yanka yakan rage yawan mofin da turamadol da majiyyaci zai bukata a sa'o'in farko, ko da yake ba ya kawar da bukatarsu ɗungum. Mun kuwa ga ɓarnar da sabo da irin waɗannan ƙwayoyi ya yi wa samarinmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Saboda haka in za a yi wa naka tiyata, tambayi likita ko allurar baya ko ta jijiya za ta yiwu. Bayan sallama kuma kada a ƙara ƙwaya daga kemis sai da izininsa. Rigakafi ya fi magani.