Nikolai Zelinski, malamin da ya tsare numfashin sojoji da gawayi

A filinmu na tarihi yau za mu je ƙasar Rasha. Mutumin sunansa Nikolai Zelinski, kuma abin da ya yi suna da shi yana nan cikin madafin kowa: gawayi.

An haife shi a 1861 a garin Tiraspol. Tun yana ƙarami tarin fuka ya kashe uwa da uba, kakarsa ta riƙe shi. Ya yi karatun kimiyyar sinadarai a jami'ar Odesa, ya gama a 1884, sannan aka tura shi Jamus ƙaro ilimi. A can ne, a garin Gottingen, wani sinadari da ya haɗa da hannunsa ya ƙone masa jiki, ya kwantar da shi likita wata da watanni. Wannan sinadarin shi ne daga baya aka mai da shi makamin yaƙi.

A 1893 ya zama farfesa a jami'ar Mosko. A 1911 ministan ilimi ya shiga takura wa jami'ar, malamai fiye da ɗari suka ajiye aiki, har da shi. Ya koma birnin San Fitasbag, ya riƙe ɗakin bincike na ma'aikatar kuɗi, inda ake amfani da gawayi wajen tace barasa. Barin aikin nan shi ya kai shi ga gawayi.

Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Ranar 22 ga Afrilu 1915, sojojin Jamus suka saki iskar kulorin a Ipar, ƙasar Beljiyam, dangin warin nan da kuke ji a ruwan jabel amma mai ƙarfin kisa. Cikin waɗanda ta fara samu akwai sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi. Ƙarshen watan Mayu aka sake ta kan sojojin Rasha kusa da Warso. Kariyar lokacin tsumma ce da aka jiƙa da magani, kuma kowane magani guba ɗaya yake tarewa. Abokan gaba suna canza guba, tsumma ta tashi aiki.

Zelinski ya ce a bar bin guba ɗaya bayan ɗaya. Gawayi cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In aka sake gasa shi aka ratsa shi da tururi, ramukan su ƙara buɗewa, har giram ɗaya tak, in da za a shimfiɗa bangon ramukansa, zai iya rufe murabba'in mita 1000. Iska mai guba in ta ratsa, sai ta manne a bangon nan kamar yadda ƙarangiya ke manne wa zane, iskar shaƙa kuma ta wuce. Shi da abokan aikinsa suka gwada a kansu: a rufe ɗaki, a ƙona farar wuta, a shiga da gawayi ƙunshe a kan hanci. Wani injiniya mai suna Kumant ya yi masa fuskar roba mai gilashin ido. Manya suka yi ta jan ƙafa, sojoji na mutuwa, sai a 1916 aka amince. Aka ƙera miliyoyi.

Abin da ni ya fi burge ni: ya ƙi yi wa abin takardar mallaka. Bai ga dalilin cin riba a kan numfashin mutum ba.

Wannan mannewar iska a cikin ramuka tana ƙaruwa in aka matse iskar da ƙarfi, in aka sassauta kuma ta saki. Da wannan dabara injin oksijin na likita ke aiki a yau. Cikinsa akwai wani dutse mai ramuka da ake kira ziyolit. Injin ya matsa iska ciki, dutsen ya riƙe nitirojin, oksijin ya wuce zuwa hancin maras lafiya, sannan a sassauta dutsen ya fitar da abin da ya riƙe, a sake. Ba Zelinski ya ƙera shi ba, amma gida ɗaya ne.

To, kada wani ya ji wannan ya ce gawayi ya zama garkuwa. Na madafi ba a gyara shi haka ba. Kuma iskar da gawayi ke fitarwa in yana ci a rufaffen ɗaki, wadda ba ta da wari, ko takunkumin Zelinski ba ya tare ta. Lokacin sanyi a fitar da kaskon wuta waje kafin a kwanta.

Ya koma jami'ar Mosko a 1917, ya ba da sauran rayuwarsa ga binciken man fetur da koyar da ɗalibai. Ya rasu ranar 31 ga Yuli 1953, yana da shekara 92. Wata babbar cibiyar binciken sinadarai a Mosko tana ɗauke da sunansa, haka ma wani rami a doron wata.