Tarihin Deke Slayton, ɗan sama jannatin da ya jira shekara 16 kafin ya tashi

Wani lokaci bayan magariba, mazauna Tawa kan hango wani haske mai kama da tauraro yana ratsa samaniyar Adar cikin 'yan mintoci. Sau da yawa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, ISS, inda Amurkawa da Rashawa da Turawa da Japanawa ke aiki tare, kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa. Donald Slayton, wanda aka fi sani da Deke, yana cikin waɗanda suka share fagen wannan haɗin gwiwa.

An haife shi ranar 1 ga Maris 1924 a jihar Wisconsin ta Amurka, ya kuma tuƙa jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1959 hukumar NASA ta zaɓe shi cikin 'yan sama jannatinta bakwai na farko. Sai dai a 1962, ana dab da tura shi, likitoci suka dakatar da shi saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai.

Bai ajiye aiki ba. Ya zama mai zaɓen waɗanda za su tashi, ciki har da tawagar Apollo 11 da ta sauka a duniyar wata a 1969. Yana tura wasu, shi yana ƙasa yana neman magani, har likitoci suka wanke shi a 1972.

Ranar 17 ga Yuli 1975, ana tsaka da yaƙin cacar baka, kumbon Apollo ɗauke da Slayton da Thomas Stafford da Vance Brand ya haɗu da kumbon Soyuz na Tarayyar Sobiyat, mai ɗauke da Alexei Leonov da Valery Kubasov. Sun yi kusan kwana biyu a haɗe, sun ci abinci tare, Amurkawan na magana da Rashanci, Rashawan kuma da Ingilishi. Slayton yana da shekara 51 a lokacin.

Wajen saukowa, iskar gas mai guba ta shiga kumbonsu, abin da ya kwantar da su asibiti a Hawaii, amma duk sun warke.

Slayton ya rasu ranar 13 ga Yuni 1993 sakamakon cutar daji a ƙwaƙwalwa, shekara biyar kafin a harba ɓangaren farko na ISS. Tun Nuwamba 2000 tashar ba ta taɓa zama ba kowa a cikinta ba.