Abubakar Imam, Makarancin da Ya Raba wa Hausawa Abin da Ya Karanta

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Gasar rubutu ta 1933 ce ta fito da shi, da littafinsa Ruwan Bagaja. A 1936 ya je Zariya, ya duƙufa kan hikayoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya yi musu rigar Hausa, ya sa su a bakin aku cikin Magana Jari Ce. Da haka 'yan boko suka sami abin karantawa da harshensu. Ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya rasu a 1981. Har gobe iyaye na nemar wa 'ya'yansu littattafansa a Sabon Garin Kano. Allah ya jiƙansa.