Lord Rayleigh: Mai gonakin da ya lissafa ɗaukewar sabis tun ba a san rediyo ba

An haifi John William Strutt, wanda duniya ta sani da Lord Rayleigh, ranar 12 ga Nuwamba 1842 a yankin Essex na Ingila. Ya taso da yawan laulayi, amma a 1865 shi ya zo na ɗaya a jarrabawar lissafi ta Jami'ar Cambridge. Matarsa Evelyn 'yar'uwar Arthur Balfour ce, mai sanarwar nan ta 1917 kan Falasɗinu. Dukiyar gado ta ba shi ɗakin gwaji a gidansa na Terling, gatan da 'ya'yan masu nome masa gonaki ba su samu ba.

A 1880 ya warware wata tambaya kan sauti: idan igiyoyi masu yawa, masu amo ɗaya, suka haɗu, kowace ta iso a nata lokacin, yaya ƙarfinsu zai kasance? Wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna, shi kuwa ya fitar da lissafin yiwuwar kowane hali. Sai bayan shekara 7 Heinrich Hertz ya tabbatar da igiyoyin rediyo.

Abin da ke samun wayar mai tsaye a cunkoson Bata ke nan. Saƙon turken sadarwa yana dukan bango, kwanon rufi da motoci, ya iso ta hanyoyi barkatai, taku ɗaya sabis ya ɗauke. Injiniyoyi suna kiran wannan dusashewa da sunan Rayleigh.

Sai dai lissafin yana da iyaka. Ya ginu ne kan hanyoyi masu yawa da babu wadda ta rinjayi sauran. A na'urorin da ake ɗaurawa a jiki, kamar mai auna bugun zuciya, tsoka tana shanye saƙon, lilon hannu yana tare shi. Gwaje-gwaje sun nuna lissafin Weibull da makamantansa sun fi dacewa da jikin mai tafiya. Injiniyan da ya yi kuskuren zaɓi, ko batir ya ƙare da wuri, ko gargaɗin majiyyaci ya ɓace a hanya.

Ba wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel ta 1904 ba, gano iskar argon ne, kuɗin kuma ya miƙa wa Cambridge. Ya rasu a Terling ranar 30 ga Yuni 1919.