Norman Borlaug

Norman Ernest Borlaug (25 ga Maris, 1914 – 12 ga Satumba, 2009) masanin aikin gona ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi fice wajen inganta irin shuka. Ya samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a shekarar 1970. A arewacin Najeriya an fi sanin aikinsa ta hanyar shirin Sasakawa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a gidan manoma kusa da garin Cresco a jihar Iowa. Ya yi karatu a Jami'ar Minnesota, inda ya samu digiri na farko a fannin gandun daji a 1937, da digirin digirgir a kan cututtukan tsirrai a 1942.

Aikinsa a kan alkama

A 1944 ya tafi Meziko ƙarƙashin Gidauniyar Rockefeller, a lokacin da cutar tsatsa ke cinye gonakin alkama. Ya riƙa shuka sau biyu a shekara a wurare biyu masu bambancin yanayi, Toluca da Sonora, abin da ya hanzarta zaɓen iri. Daga baya ya haɗa irinsa da gajeriyar alkamar Japan mai suna Norin 10, aka samu alkamar da ba ta kwanciya ko an zuba mata taki da yawa. Wannan iri ne ya bunƙasa noman alkama a Indiya da Pakistan a shekarun 1960.

Masara a ƙasar Hausa

A 1986 Borlaug ya haɗa hannu da attajirin Japan Ryoichi Sasakawa da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, suka kafa shirin Sasakawa Global 2000. Shirin ya fara a Ghana da Sudan, ya iso jihohin Kano da Kaduna a 1992. Malaman gona sun koyar da manoma a gonakin gwaji: ingantaccen iri, ƙwaya ɗaya a kowane rami, da binne taki maimakon watsa shi. Shirin ya kuma yaɗa masarar Obatanpa mai ingantaccen furotin, wadda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da sunan Sammaz 14.

Suka da tasiri

Masu suka sun ce tsarinsa ya dogara ga takin zamani, wanda ƙaramin manomi ba ya iya saye kullum. Masara na buƙatar sinadarin naitirojin fiye da gero da dawa. A arewacin Kano, kamar Ɗambatta da Bichi, ƙasar jigawa ce, gonaki ba sa hutawa saboda yawan jama'a, kuma takin dabbobi ba ya wadatarwa.

Saboda irin wannan matsala, masana a cibiyar CIMMYT ta Meziko, inda Borlaug ya yi aiki, da cibiyar IITA ta Ibadan suka ɗauki wata hanya. Suna shuka masara a filin da aka rage wa naitirojin da gangan, su zaɓi wadda ganyenta bai yi saurin rawaya ba kuma ta yi goyo mai cika, su mayar da ita iri, shekara bayan shekara.

Mutuwa

Borlaug ya koyar a Jami'ar Texas A&M tun daga 1984. Ya mutu a birnin Dallas yana da shekara 95, sakamakon cutar daji.