Mariya Gayetana Anyesi: Malamar Lissafi Mai Hidimar Matalauta

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ke shiga jami'a domin koyon kimiyya, musamman fiziks da kimiyyar sinadarai da aikin injiniya, sukan dawo gida hutun farko da kuka guda ɗaya: lissafi ya sha musu kai. Wasu har sukan yanke ƙauna, su ce Allah bai ba su kan wannan karatu ba. Saboda su, da kuma iyayensu, muka ga ya dace mu kawo tarihin wata baiwar Allah 'yar Katolika wadda ta ga irin wannan wahala a wurin samarin zamaninta, ta zauna ta share musu hanya, sa'an nan ta ƙare rayuwarta tana jinyar gajiyayyu. Sunanta Mariya Gayetana Anyesi, da haruffan Italiyanci kuwa ana rubuta shi Maria Gaetana Agnesi.

Ƙuruciyarta

An haife ta ran 16 ga Mayu 1718 a birnin Milan na ƙasar Italiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Ostiriya. Mahaifinta, Piyetro Anyesi, attajiri ne daga zuriyar masu fataucin siliki. Sau uku ya yi aure, domin matansa biyu na farko sun riga shi rasuwa, ya kuma haifi 'ya'ya 21. Mariya ce 'yar fari.

Tun tana ƙarama aka ga kaifin basirarta, mahaifinta kuwa bai yi ƙyashin ɗauko mata malamai ba, yawancinsu limaman Ikilisiya. Tana da shekara 9 ta tsaya gaban manyan baƙi ta yi jawabi da harshen Latin a kan cewa bai kamata a hana mata ilmi mai zurfi ba. Kafin ta zama budurwa ta iya Faransanci da Latin da Girkanci, ta kuma koyi Ibrananci da Jamusanci. Mahaifinta yakan tara masana a gidansa, ita ta yi muhawara da su a kan falsafa da kimiyya, ƙanwarta Mariya Teresa kuma ta kaɗa musu kayan kiɗa. A 1738 aka buga batutuwa 191 waɗanda ta kare a irin waɗannan taro.

Wannan suna da ta yi bai kwanta mata a rai ba. Mahaifiyarta ta rasu tun 1732, ita kuma mai son kaɗaici ce da addu'a. A 1739 ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta shiga gidan zuhudu. Ya ƙi. Daga baya suka daidaita a kan sharuɗɗa: za ta zauna a gida, amma za ta sa tufafi marasa ado, za ta tafi majami'a duk sa'ad da ta so, ba kuma za a tilasta mata zuwa wuraren rawa da wasanni ba. Daga nan ta ɗauki nauyin koyar da ƙannenta, ta kuma duƙufa a kan lissafi a hannun Fada Ramiro Rampinelli, wani sufi mai bin ƙa'idar Benedik Mai Tsarki, wanda ya ƙware ƙwarai a wannan fanni.

Matsalar da ta gani

A ƙarshen ƙarni na 17 Niyuton a Ingila da Laibniz a Jamus, kowa a nasa ɓangare, suka fito da sabon lissafi wanda ake kira kalkulas. Da shi ne aka iya bayyana tafiyar duniyoyi a sararin sama, da faɗuwar abubuwa, da kai-da-komon teku. Amma bayan shekara hamsin da 'yan kai, saurayin da ke son ya koye shi yana cikin wahala. Ilmin a warwatse yake cikin mujallu da wasiƙun masana, yawanci da Latin, kowane marubuci da nasa alamomi, kowa kuma yana tsallake matakan da yake ganin sananne ne. Malaman da suka iya koyar da shi ba su da yawa.

Mariya ta ga cewa laifin ba na kan ɗalibai ba ne, na rashin tsari ne. Ta yi shekaru tana tattarawa, tana jerawa, tana aika babi-babi ga masanin nan Yakobo Rikati domin ya duba mata. Har injin buga littafi ta sa aka kawo cikin gidan mahaifinta, domin ta sa ido a kan kowace alama da kowane zane. A 1748 littafin ya fito, juzu'i biyu, shafi fiye da 1,000. Ma'anar sunansa ita ce tushen lissafin nazari domin amfanin matasan Italiya. Da Italiyanci ta rubuta shi, domin kada wahalar harshe ta haɗu da wahalar lissafi.

Matakai huɗu

Ta kasa littafin kashi huɗu, jerin da ta bi kuwa shi ne har yanzu ɗalibin kimiyya yake bi.

Kashi na farko aljabra ne, wato lissafin da ake sa harafi a madadin adadin da ba a sani ba, tare da yadda ake mai da lissafi ya zama zanen layi, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Wannan kashi kaɗai ya cinye juzu'i guda cur, kusan rabin aikin ke nan. Nan ne darasinmu na farko yake. Yawancin ɗaliban da ke kuka da kalkulas, in an bincika, a aljabra ne ƙafarsu ba ta tsaya ba.

Kashi na biyu lissafin saurin canji ne. Bari mu ba da misali namu. In an saki dutse daga wuri mai tsawo, cikin daƙiƙa ɗaya zai faɗi wajen mita 5, cikin daƙiƙa biyu wajen mita 20, cikin uku wajen mita 45. Saurinsa ƙaruwa yake yi a kowane lokaci. To, mene ne saurinsa daidai sa'ad da daƙiƙa ta biyu ta cika? Raba nisa da lokaci ba zai ba da amsa ba, sai dai matsakaicin sauri. Wannan kashi ne yake koya yadda ake duban ɗan taƙin lokaci, ƙarami ƙwarai, har a gane cewa saurin ya kai wajen mita 20 a daƙiƙa.

Kashi na uku shi ne komawa baya: in an san saurin a kowane lokaci, a tara ƙananan gutsattsarin tafiyar har a sami dukan nisan. Da wannan dabara ake auna faɗin fili mai lanƙwasasshiyar iyaka, da cikin tulu, da yawan aikin da inji ya yi.

Kashi na huɗu shi ne inda ake ba mutum dokar yadda abu yake canjawa, a ce ya nemo abin da kansa. Ruwan zafi yakan huce da sauri sa'ad da yake da zafi sosai, ya rage saurin hucewa yayin da ya kusa zafin ɗaki. Daga wannan doka ake lissafa zafinsa bayan minti goma. Yawancin dokokin fiziks da irin wannan harshe aka rubuta su. Wanda bai hau matakai ukun farko ba, ba zai iya karanta na huɗun ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abin lura shi ne, Mariya ba ta cika littafin da matsalolin fiziks ba, ko da yake ta san su. Ta zaɓi ta koyar da lissafin shi kaɗai, da misalai masu yawa da zane, domin ɗalibi ya riƙe makamin sosai kafin ya tafi gona da shi.

Girma da yabo

A 1749 Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta yaba wa littafin saboda tsarinsa da sauƙin bayaninsa. Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda aka sadaukar mata da shi, ta aiko da zoben lu'ulu'u da ɗan akwati mai ado. Paparoma Benedik na 14, wanda shi kansa ɗan birnin Bolonya ne mai ƙaunar ilmi, ya aiko mata da lambar zinariya, a 1750 kuma ya ba ta kujerar koyar da lissafi a Jami'ar Bolonya. Ba ta taɓa zuwa ta hau kujerar ba. An fassara juzu'i na biyu zuwa Faransanci a 1775, dukan littafin kuma ya fito da Turanci a 1801.

A wannan fassara ta Turanci ne aka yi wani kuskure mai ban dariya. Akwai wani lanƙwasasshen layi mai kamar tudu da ta yi bayani a kansa, wanda wani sufi mai suna Gido Girandi ya riga ya raɗa wa suna. Mai fassara, Farfesa Jon Kolson na Kambirij, ya rikita sunan da wata kalma mai kama da shi wadda ke nufin mayya. Har yau littattafan Turanci suna kiran layin mayyar Anyesi, alhali mai sunan mace ce mai tsoron Allah. Masana fiziks suna gamuwa da siffar wannan layi in suna nazarin hasken da sinadarai ke fitarwa.

Juyawa ga matalauta

Mahaifinta ya rasu a 1752. Tun daga nan ta ajiye lissafi, tana da shekara 33. Ta shiga nazarin Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen Ubannin Ikilisiya, tana koyar da katikisim, tana ziyarar asibiti. Ta fara kwantar da mata marasa lafiya waɗanda ba su da kowa a cikin ɗakunanta, daga baya ta kama hayar gida domin su. Da kuɗi suka ƙare, ta sayar da kyautar Sarauniya. A 1762 Jami'ar Turin ta nemi ra'ayinta a kan aikin wani matashin masani mai suna Lagaranj, ta ba da haƙuri, domin hankalinta ya riga ya koma wani wuri.

A 1771 aka buɗe gidan tsofaffi da gajiyayyu na Tiribulziyo a Milan, Kadinal Pozzobonelli, Akbishop na birnin, ya roƙe ta ta kula da sashen mata. A 1783 ta tare a gidan ɗungum, tana zaune tare da waɗanda take yi wa hidima. A can ta rasu ran 9 ga Janairu 1799, tana da shekara 80, ba ta bar dukiya ba. Aka binne ta a kabarin gayya tare da sauran matalautan gidan.

Abin da ya rage mana

Ikilisiya ba ta sa sunanta cikin jerin tsarkaka ba, amma rayuwarta tana da abin koya mana. In mun duba da kyau, aiki ɗaya ta yi a rabi biyun rayuwarta. Ta ga saurayin da ya rasa mai bi da shi a karatu, ta rubuta masa littafi. Ta ga tsohuwar da ta rasa mai jinya, ta ba ta gado.

Ga 'ya'yanmu ɗalibai muna cewa: in lissafin jami'a ya gagare ku, kada ku ji kunyar komawa matakin da kuka tsallake. Ku ɗauki fensir ku yi misalan da hannunku kowace rana, domin ba a koyon lissafi da kallo. Ga iyaye muna tunawa cewa wannan masaniya 'ya mace ce, da mahaifinta ya hana ta malamai, da ba mu san sunanta ba. Ga waɗanda Allah ya ba su wannan ilmi a cikinmu kuma, malamai da injiniyoyi, akwai yara a Ikilisiyarku da sa'a biyu a mako daga gare ku za ta canja makomarsu.

Allah ya ba baiwarsa Mariya hutawa ta har abada, ya kuma buɗe wa 'ya'yanmu basira. Amin.